Ƙari a Wuyan Tsohon Kare: Maƙoƙo Ne Ko Daji?

Laccar da aka gabatar gaban ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan asalin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa



Ba mu jahilci cewa tun ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca wasu daga cikinku suke ta murmushi ba, suna cewa duk matsalolin da suka yi wa ƙasarmu katutu, an rasa abin da za a tara mutane a kansa sai wuyan kare. Wannan ƙorafi yana kan hanya, kuma ba za mu kauce masa ba. Za mu zo kansa idan mun iso maganar kuɗi, domin a can ne yake da nauyi. Kafin nan muna roƙonku ku ba mu aron kunnuwanku, saboda abin da za mu faɗa ya shafi dabbar da ke kwana a ƙofar gidajen iyayenmu, ya kuma shafi hannun duk wanda zai taɓa ta.

Ƙasar da muka fito ƙasar mafarauta ce tun asali. Labarin da ake bayarwa na kafuwar Kazaure ma da maharbi ya fara, wato Kutumbi, wanda aka ce ya iske wani wuri a tsakanin duwatsu ya kwatanta shi da zaure, sunan ya bi garin, tun da daɗewa kafin Ɗantunku ya kafa sarautarsa a wajen 1819. Har gobe kuma, da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya kama, za ka ga samari da dattawa sun nufi duwatsun Roni da fadamun Gwiwa da karnukansu, suna neman zomo da gafiya da makwarwa. A rugagen ƙasar Babura kuwa, kare ne ke gadin garke sa'ad da makiyayi ya yi barci. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ba su ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, kuma shari'a ta halatta ajiye shi domin farauta da tsaron dabbobi da gona. Wanda ya ajiye dabba kuwa, haƙƙin cinta da shanta da lafiyarta yana wuyansa. A kan wannan ginshiƙi muka ɗora maganarmu.

A gaban wuyan ɗan'adam da sauran dabbobi masu shayarwa, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Aikinta shi ne ta tsamo sinadarin aidin daga cikin jini, ta haɗa wani ruwa da shi, ta mayar cikin jini, ruwan nan kuma shi ke tsara saurin aikin jiki baki ɗaya. Ku ɗauke ta kamar zugazugin maƙeri. In ta zuga da yawa, wutar jiki ta ruru, zuciya ta yi ta bugawa, mai ita ya yi ta ci yana ramewa. In ta yi sanyi, jiki ya yi nauyi, gashi ya zube, kasala ta sauka. A jikin mutum ɓangarorinta biyu a haɗe suke ta gaban maƙogwaro. A jikin kare kuwa galibi a rabe suke, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne kamar siririn dabino da aka matse, kwance a gefen maƙogwaro. Abin da muke so ku riƙe a nan shi ne, tayirod ɗin kare mai lafiya hannu ba ya jin ta. Ranar da yatsa ya ji ta, to, ta girma fiye da ƙima.

Kumburin wannan tsoka ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne maƙoƙo. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san wata gwaggo ko wata kaka mai shi, ta yi shekara talatin ko arba'in tana ɗauke da shi a wuya, tana daka tana surfe, ta aurar da 'ya'ya da jikoki, ajalinta ya zo ta wata hanya dabam. Mafi yawan irin wannan maƙoƙo ƙarancin aidin ne ke kawo shi: tsokar tana ta faman neman abin da babu, sai ta yi ta girma. Ƙasar da ke nesa da teku, wadda ruwan sama ya wanke ta shekaru aru-aru, aidin kan yi ƙaranci a cikin ƙasarta da ruwanta da hatsinta. Bugu da ƙari, an gano cewa gero da rogo, waɗanda su ne abincinmu, suna ɗauke da wasu sinadarai masu rage wa tayirod ƙarfin amfani da ɗan aidin ɗin da ta samu. Makiyaya ma sun san abin a dabbobinsu, domin akan haifi ɗan akuya ko ɗan tunkiya da kumburarren wuya, ba gashi sosai, ba ƙarfi, bai cika kwana ba.

Abin mamaki, kare yana cikin waɗanda suka nuna wa ɗan'adam hanyar fita daga wannan cuta. A 1905 wani matashin likita mai suna David Marine ya kama aiki a birnin Cleveland na ƙasar Amurka, yankin da maƙoƙo ya yi yawa a wancan zamani. Abin da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne yawan karnukan da ke yawo a titi da kumburarren wuya. Ya yi shekaru yana bincike a kan karnuka da tumaki da kifaye, har ya tabbatar cewa ɗan aidin kaɗan yana hana kumburin. Daga nan, a 1917, shi da abokin aikinsa Kimball suka fara gwaji a kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron. Cikin 'yan mata 2,190 da aka bai wa aidin, 5 kaɗai maƙoƙo ya fito wa. Cikin 2,305 da ba a bai wa ba, ya fito wa 495. Ƙasar Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924. Nijeriya ta wajabta haka a 1993, lokacin da bincike ya nuna kusan mutum 20 cikin 100 na da maƙoƙo, kuma a 2005 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cika sharaɗin wadata jama'a da gishiri mai aidin. Shi ya sa ku 'yan wannan zamani ba ku ganin maƙoƙo a wuyan tsaranku kamar yadda iyayenku suka gani.

To, a nan ne tarkon yake. Wannan sani da muke da shi game da maƙoƙon mutane, wanda gaskiya ne, shi ne ke yaudarar mai kare. Ya ga ƙari a wuyan karensa, sai ya tuna da gwaggonsa, ya ce ai maƙoƙo ne, ba ya kisa. Ɗan boko a gidan kuma ya ƙara masa da cewa a riƙa barbaɗa gishiri mai aidin a abincin. Alhali kuwa lissafin a juye yake. A jikin mutum, cikin ƙulli goma da za a samu a tayirod, sama da tara ba daji ba ne. A jikin tsohon kare, cikin ƙari goma na tayirod da suka girma har hannu ya ji su, kusan tara daji ne, wato sankara mai cin naman da ke kewaye da ita, mai kuma bin jini ta yaɗu. Kwikwiyo na iya yin maƙoƙo na ƙarancin aidin, wannan dabam. Amma karen da ya shekara tara ko goma, ya fito da ƙari mai tauri a gefe ɗaya na maƙogwaro, ko buhu guda na gishiri aka ba shi ba zai sace ba.

Cutar ba mai yawa ba ce. A ƙididdigar asibitocin dabbobi na Turai da Amurka, dajin tayirod bai wuce kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na dukkan ƙarin da ake gani a karnuka ba, kuma galibi tsakanin shekara 9 da 11 yake bayyana, ba ya zaɓen namiji ko mace. An fi ganinsa a wasu jinsunan Turawa, irin su Boxer da Beagle da Golden Retriever, waɗanda wasu manyan ma'aikata da 'yan kasuwa ke sayowa su ajiye a gidajensu na Kano da Dutse. Karnukan ƙauye da yawa ba sa kai wannan shekaru. Kaska da tsutsar ciki da mota da guba sun riga sun ɗauke su. Wanda ya kai shekara goma a Roni ko Gwiwa, ku bincika, za ku tarar shi ne karen da ake ji da shi, wanda maigidansa ya raina tun yana kwikwiyo, wanda sauran karnuka ke koyon bin sawu a bayansa. Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, amma ba su faɗa mana wanda ya koya wa karen bana farauta ba.

Yadda abin ke farawa ba ya ban tsoro, kuma wannan ne sharrinsa. Ƙari ne a ƙasan zakaran wuya, sau biyu cikin uku a gefe guda, ba zafi, ba ƙaiƙayi, kare na ci yana gudu. Sai an yi watanni, ya girma ya fara danne abin da ke maƙwabtaka da shi, sa'an nan haushin kare ya canza ya dishe, ya fara tari, haɗiya ta yi masa wuya, numfashi ya riƙa fita da ƙara, wani lokaci fuska ta kumbura saboda jijiyoyin jini sun matsu. Kaɗan daga cikinsu, kamar ɗaya cikin goma, ƙarin kan riƙa zuba ruwan tayirod fiye da ƙima, sai ka ga kare yana ci kamar gara yana ramewa, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana haki ko da inuwa.

A nan dole mu dakata, domin akwai maganar da ta fi wuyan kare muhimmanci, wato ran mutum. Dishewar haushi, da kasa haɗiya, da dalalar miyau, su ne kuma alamun ciwon haukan kare. Jama'a sun fi sanin mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar, amma akwai nau'i na biyu, mai shiru, wanda kare kan kwanta kawai, muƙamuƙinsa ya saki, miyau na zuba. Mai shi sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin baki don ya ciro, ko ya sa yaro ya riƙe masa kan. Ta haka miyau ke shiga ƙujewar da ke hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Abin da ke raba cututtukan biyu shi ne lokaci. Ciwon hauka gaggawa gare shi: daga bayyanar alamu zuwa mutuwar kare ba ya wuce kwana goma. Dajin tayirod kuwa a hankali yake tafiya, wata da watanni, kuma ƙarin na nan a waje ana ganinsa tun kafin murya ta canza. Saboda haka karen da ya wayi gari ba ya iya haɗiya, ba a san shi da ƙari ba, ba a kuma yi masa rigakafi ba, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A killace shi inda yara ba sa zuwa, a kira malamin dabbobi. Wanda ya riga ya taɓa miyau da hannu mai rauni, ko aka cije shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allura, kada ya tsaya neman gashin karen ko rubutu.

Mu koma kan ƙari. Ba kowane kumburi a wuyan kare ne daji ba, kuma a ƙasarmu ma yawancinsu ba shi ba ne. Karen farauta yana shan cizo daga 'yan'uwansa, ƙaya na sukarsa, tsinken ƙashi na huda masa maƙoshi, wurin ya tara mugunya. Irin wannan da sauri yake tasowa, da zafi, da zazzaɓi, in an taɓa kare ya yi ƙara. Akwai kaluluwa, wadda ke kumbura a ƙarƙashin muƙamuƙi da gaban kafaɗa idan cutar kaska ko sammore ta kama kare, ita kuma takan fito a wurare da yawa lokaci guda. Akwai kuma jakar miyau da kan taru a ƙarƙashin haɓa, mai taushi kamar salka. Ƙarin tayirod ya bambanta da waɗannan ta wurin mazauninsa, wato manne da gefen maƙogwaro, da taurinsa, da rashin zafinsa, da kuma yadda yake girma sannu a hankali ba ya komawa.

Wannan kamanceceniya da maruru ita ke jawo ɓarna mafi muni. Al'adarmu ce in dabba ta yi kumburi a yi mata sakiya ko lalas, ko a kira wanzami ya tsaga. Ga maruru wannan na iya fitar da mugunya. Ga dajin tayirod kuwa yanka ne ba da niyya ba. Tayirod na cikin sassan jiki mafiya yawan jijiyoyin jini, dajinta kuma yakan ƙara ƙirƙiro wasu sababbi masu rauni, ga shi yana kwance kusa da manyan jijiyoyin wuya biyu, mai kai jini ka da mai dawo da shi. Aska guda ta isa ta buɗe jinin da babu mai iya tsayar da shi a tsakar gida. Likitocin dabbobi da kansu, da kayan aikinsu da allurar barci, suna gudun yanko yanki daga irin wannan ƙari don gwaji. Sun fi son su cire shi ɗungurungum sa'an nan su aika da shi a duba.

Abin da likita zai fara yi ba ya bukatar na'ura. Zai ɗaga haɓar kare, ya bi gefen maƙogwaro da babban yatsa da manuni daga zakaran wuya zuwa ƙirji, in ya ji ƙarin sai ya kama shi a hankali ya gwada motsa shi sama da ƙasa, dama da hagu. Tambaya ɗaya yake yi wa yatsunsa: yana zamewa a ƙarƙashin fata kamar goro a aljihu, ko kuwa ya kafe kamar dutse a cikin laka? Amsar wannan tambaya ta fi kowane gwaji faɗin makomar karen. Bayan haka yakan tsotsi ɗan ruwa da siririyar allura ya duba a madubin likita, ko da yake sau da yawa jini ne ke cika allurar, amma ko ba kome an kore zaton mugunya da kaluluwa. Inda akwai na'urar sikanin, tana nuna ko ƙarin ya shiga jijiya. Hoton ƙirji kuwa wajibi ne kafin a taɓa wuƙa, domin huhu ne masaukin farko na wannan daji, kuma kusan kare ɗaya cikin uku yakan zo asibiti bayan ya riga ya yaɗu. Gwajin jini na ruwan tayirod yana da amfani, amma kada ya ruɗe ku: a mafi yawan karnuka masu wannan daji sakamakon yakan fito daidai, don haka takardar da ta ce jini lafiya ba ta wanke ƙarin ba.

Ga lissafin da ya sa muka nace a kan lokaci. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1976 ya auna girman ƙarin a gawarwakin karnuka ya kwatanta da yaɗuwarsa. Inda ƙarin bai kai girman ƙaramin lemon tsami ba, a kare 14 cikin 100 kaɗai ya yaɗu. Inda ya wuce haka amma bai wuce girman ƙaramin lemon zaƙi ba, adadin ya tashi zuwa 74. Inda ya wuce wannan, babu ko ɗaya da ya tsira daga yaɗuwa. Wani binciken na 1995 ya bi karnuka 20 waɗanda ƙarinsu ke motsi, bai kuma yaɗu ba, aka yi musu tiyata kaɗai ba tare da wani magani ba. Tsaka-tsakin abin da suka rayu bayan aikin ya haura shekara uku. Ga karen da ya riga ya shekara goma, shekara uku kusan sauran kwanansa ke nan gaba ɗaya. In ƙarin ya riga ya kafe, tiyata kaɗai ba ta cika ba da fiye da wata shida zuwa shekara guda ba. A wani rahoto daga Ostareliya a 2005 kuma, karnukan da ba a yi musu kome ba, tsaka-tsakin abin da suka ƙara wata uku ne. Tsakanin lemon tsami da lemon zaƙi, ga mai jiran ya gani ko zai sace da kansa, damina ɗaya ce.

Tiyatar kanta, in ƙarin na motsi, ba ta fi ƙarfin ƙwararren likitan dabbobi mai kayan aiki ba. Akan tsaga tsakiyar wuya, a raba tsoka, a ɗaure jijiyoyin jini sama da ƙasa, a ɗago ƙarin da jakarsa. Haɗarinta uku ne. Na farko jini, kamar yadda muka faɗa. Na biyu wata siririyar jijiya mai kama da zare da ke bin gefen maƙogwaro tana sarrafa muryar kare da ƙofar numfashinsa. In aka yanke ta gefe ɗaya haushi ya dishe, in gefe biyu ne numfashi ya gagara. Na uku wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba, manne da tayirod, waɗanda ke tsara sinadarin kalsiyam a jini. In gefe ɗaya aka cire, biyun da suka rage sun wadatar, haka ma rabin tayirod ɗin da ya rage, kuma kare kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. In dole ta sa aka cire gefe biyu, to, cikin 'yan kwanaki kalsiyam na iya faɗuwa, kare ya fara karkarwa da sanƙarewa, sai an riƙa ba shi kalsiyam da bitamin D, ga kuma ƙwayar maye gurbin ruwan tayirod kullum har ƙarshen ransa. Mai kare ya kamata a faɗa masa wannan tun kafin a kwantar da dabbar, ya auna ko zai iya.

Irin wannan aiki ba na ɗan ƙaramin ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ba ne, inda aka fi yin allurar shanu da duba nama a mayanka. Aikin malamin dabbobi na Roni ko Babura shi ne ya gane abin, ya hana a tsaga, ya rubuta takarda. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, akwai kuma likitocin ƙananan dabbobi a can. Gaba da nan akwai asibitin koyarwa na Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tsangayar da aka kafa tun 1964, inda ake da sashen tiyata da masu duba nama a madubi su faɗi irin dajin da aka ciro.

Yanzu mun iso ƙorafin da muka yi alkawarin komawa kansa. A ƙasashen da suka wadata, karen da ƙarinsa ya kafe yana da sauran dama. Akan yi masa gashi da na'ura. A wani bincike na Jami'ar Kalifoniya a shekarar 2000, cikin karnuka 25 da aka yi wa haka, kashi 72 cikin 100 dajin bai ƙara gaba ba har shekara uku. Akan kuma ba shi aidin mai tururin nukiliya, irin wanda aka fara jarrabawa a kan mutane a 1941, tayirod ta zuƙe shi da kanta ya ƙone ta daga ciki, sai dai dole a killace karen na kwanaki domin fitsarinsa da kashinsa na da haɗari ga mutane. Akwai kuma ƙwayoyi masu tsada, irin su Palladia da aka amince da ita a Amurka a 2009. Mun ambace su ne don ku san suna nan, ba don mu ce a nemo su ba. Na'urorin gashi da aka girka a Shika da Sakkwato da Abuja domin mutane aka girka su, kuma duk wanda ya taɓa raka uwa ko 'yar'uwa mai dajin mama can ya san irin layin da ake bi da irin gonar da ake sayarwa. Ba za mu tsaya gabanku mu ce a ba kare gurbi a wannan layi ba. Haka kuma magidancin da zai zaɓa tsakanin kuɗin tiyatar kare da kuɗin makarantar ɗansa, ya zaɓi ɗansa, babu mai zarginsa. Abin da muke ƙi shi ne a rasa kare ba don talauci ba, sai don an kira daji maƙoƙo an zauna jira, ko an ba wanzami abin da ya fi ƙarfin askarsa. Cikin duk magungunan nan wuƙar likita kaɗai hannunmu ke kaiwa gare ta, ita kuwa ba ta da amfani sai ƙarin na motsi.

Wanda ya zo a makare, ko wanda ba shi da hali, shi ma akwai abin da zai yi wa dabbarsa. A cire igiya ko sarƙa daga wuya, in dole sai an ɗaure a ɗaura ta ƙirji da kafaɗu. A sauya abinci zuwa mai taushi, kunu da damammen tuwo da romo, a ɗora kwanon bisa wani abu don kada ya riƙa sunkuyawa. A ajiye shi a inuwa, a daina fita farauta da shi. Maganin zafi kuwa sai wanda likitan dabbobi ya rubuta. Ƙwayoyin ciwon jiki da muke saya a kemis mu haɗiya, musamman ibuprofen da diclofenac, suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Ranar da numfashi ya zama wahala, ko ruwa ya daina wucewa, to, lokaci ya yi. Abin da aka saba yi a wasu wurare, wato a kai shi bayan gari a yasar, ko a bar yara su jefe shi, ba ya cikin addini ba ya cikin mutunci. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun halatta hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da warkewarta, likita kuma yana da allurar da ke yin haka cikin barci.

Saura maganarmu da ku da kuka kama aiki a sashen gona da dabbobi na ƙananan hukumominmu, da ku da za ku kama gobe. Ba ma neman sabon kasafi, ko sabon ofis. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki rigakafi a kai a kai, ciwon kan yanke a yankin. Duk lokacin da aka shirya irin wannan allura, shi ne lokaci guda da karnukan mafarauta da na makiyaya ke zuwa hannun ma'aikaci, maigidansu na riƙe da su. Ku nemi sarkin dawa da ardo tun da wuri, ku sa ranar kafin a buɗe farauta, ba bayan an watse cikin daji ba. A littafin rajista ku ƙara layi biyu, ɗaya na shekarun kare, ɗaya na abin da aka ji a wuya. Duk karen da ya haura shekara bakwai, bayan an yi masa allura, a ɗaga haɓarsa a bi gefen maƙogwaro da yatsu biyu, a kuma nuna wa mai shi yadda zai riƙa yi da kansa sau ɗaya a wata. In an ji wani abu, a auna shi da zare, a rubuta ko yana motsi, a ba shi takardar zuwa Kano ko Zariya a cikin makon.